Gangar Gayyar Gwaggo Hansai

Tun da muka dawo daga Sabuwa ban ɗinka riga ɗaya cikin natsuwa ba. Duk wanda ya shigo shago, kafin ma ya ajiye yadinsa sai ya ce, "Habu Tela, wai da gaske ne ka tara unguwa guda da sassafe a garin mutane?" In fara ba da labari, wani ya shigo a tsakiya, a ce in koma farko. Mudi mai faci kuwa, abokin tafiyata, yana can bakin titi yana ba da nasa, kullum da ƙarin gishiri. Jiya na ji wai har da kura muka yi arba. To ni na gaji. Ga yadda aka yi, kowa ya karanta ya bar ni in yi aiki.

Wanda ya san mu a Ƙanƙara ya san ni da Mudi 'yan kiɗan sha'awa ne. Ba mu gada ba, ba a kuma taɓa gayyatar mu ko suna ba. In la'asar ta yi aiki ya lafa, sai in jawo tsohuwar jarka, shi ya ɗauko gurmin da ya harhaɗa da gwangwanin madara da wayar birki, mu yi ta yi har mai shayin da ke kusa da mu ya roƙe mu arziki. Murya dai Mudi yana da ita, daɗin ne bai samu ba.

Abin da ya fitar da mu kuwa ba wasa ba ne. Gwaggona Hansai, ƙanwar mahaifina, tana Mabai ita kaɗai tun rasuwar mijinta, da gonar dawa guda a bayan gari. Ɗanta, Yaya Lawal, yana aiki a Katsina, ya daɗe yana son ta koma wurinsa, ita kuma ta kafe. Bana sai ya sake dabara. Ya ce ba zai aiko da na 'yan ƙwadago ba, kuma in gonar ba ta yi ba, da kaka zai zo da mota ya ɗauke ta, a ba da gonar haya. Ruwa ya zauna, dawa ta fito gwanin sha'awa, ciyawa ma ta fito ta fi ta. Da na je gaishe ta, a tsugune na same ta tsakiyar gona tana cirar harƙiya da hannu.

"Mi zan je yi Katsina, Habu?" in ji ta. "In zauna bisa kujera ina kallon bango? Nan aka kawo ni, nan nake so a ɗauke ni."

Wallahi raina ya ɓaci. Na wuce wurin Sarkin Noman garin na ce a yi mata gayya mana, kamar yadda ake yi muna yara. Ya ce shi ba ya ƙi, amma rabon Mabai da gayya tun rasuwar makaɗinsu, gangarsa ma gara ta cinye, kuma samarin yanzu ba za su duƙa a gonar wani kyauta ba sai da abin da zai motsa su. "Samo gangar noma, ni kuma in raba goro," in ji shi. "Amma ka hanzarta. In ciyawar nan ta ƙara ƙarfi, ko an nome dawar ba za ta farfaɗo ba." Wadda za a sassaƙa sai an jira, mu kuma ba mu da lokaci, dole sai ta hannu. Da Mudi ya ji an ce ta hannu, tun ban rufe baki ba ya kashe injin iskarsa. Mutumin nan ko cokali ba ya saye sabo.

Ranar kasuwar Sheme muka tashi, da hantsi, don kowa ya san hanyar nan yanzu ba a yi mata sammako, ba a kuma kai mata yamma. Motar da muka samu wata 'yar ƙarama ce da ta ga duniya. Ni da Mudi aka cusa a kujerar gaba, ni ne a kan giya, duk lokacin da direba zai canza sai ya ce, "Malam, ɗaga." Haka na yi ta ɗagawa har Sheme. A baya akwai wata Hajiya da buhun daddawa a cinya, ta ƙi a sa shi a but ɗin motar, saboda haka duk muka sauka muna ƙanshin miya.

A kasuwa, kafin in ce kwabo Mudi ya ɓace cikin 'yan gwanjo. Ni na nufi layin masu tsofaffin kaya, inda ake baje rediyo marar murfi da fitilar ƙwai da kwanon da ya rasa marfinsa. Na tambayi wani ko yana da ganga.

"Ganga? Ai ka zo gida!" Ya shiga bayan rumfa ya jawo wata gangar badujala ta 'yan makaranta, fatarta ta roba, gefe guda a fashe an liƙe da salatif. "Wannan in ka buga, ko gurgu sai ya ƙame."

Na ce masa noma za a yi, ba fareti ba. Ya ce ai manoma ma suna jeruwa. Ina ƙoƙarin ƙwatar kaina sai ga Mudi cikin wata baƙar kwat mai kaurin bargo, irin ta ƙasashen sanyi, gumi na tsiyaya daga haɓarsa. Ni tela ne, kallo ɗaya na yi mata na ga hannun dama ya fi na hagu tsawo. Na gaya masa. Ya ce hassada ce, kuma tun daga nan bai sake cire ta ba.

Wata dattijuwa mai awara ce ta cece mu. Muna ci a gabanta ta ji muna gardamar ganga, ta ce mu je Daudawa mu tambayi Malam Iro. "Shi ya yi kiɗan gayyar da na fara ganin maigidana," in ji ta, tana juya awara tana murmushi. "Ran nan ya yi noma kamar ba gobe. Tun da aka ɗaura aure ban sake ganin irinsa ba."

Ɗan kabu-kabu ya kwashe mu mu biyu zuwa Daudawa, ta cikin taɓo, ni a tsakiya kwat ɗin Mudi na dafa mini baya. Malam Iro muka same shi a ƙofar masallacin unguwarsu, dattijo fari tas da gemu, ashe shi ne ladan. Da muka faɗi abin da ya kawo mu ya yi salati, ya ce ya daɗe da barin wannan harka. Gangar fa, Malam? Ya ce mu biyo shi. Ya kai mu bayan ɗaki, ga ta nan a kwance, an cire mata fata ɗaya, wata jar kaza tana kwanci a ciki tana harararmu. Mudi ya tambaya ko za a sayar har da kazar. Na taka masa ƙafa.

Bai bar mu mun tafi haka ba. Aka kawo dambun masara da rama, an zuba masa man gyaɗa ba rowa. Mu a gida na gero muka fi sabawa da shi, amma wannan ya zauna mini sosai, Mudi kuwa har ya nemi ƙari ba kunya. Muna ci Malam Iro yana yi mana nasiha a kan ɓata lokaci da kaɗe-kaɗe, yatsunsa kuma suna ta aiki a gefen kwano, shi bai ma sani ba. Da ya ga ina kallon hannun sai ya tura shi cikin aljihu.

"Mutum ɗaya ya rage da na san tasa tana nan lafiya," in ji shi. "Nomau, wani Bamaguje, can bayan Sabuwa. Mun sha karawa da shi a gonakin mutane muna samari. Ku ce ni na aiko ku." Har mun kai ƙofa ya ƙara da cewa, "Ya fi ni hannu. Amma in kuka gaya masa na faɗa, ban yafe ba."

Daga nan sai Funtuwa, muka sake mota zuwa Dandume, muka sake wata. Masara ce ko'ina hagu da dama, ta fi tamu tsawo da duhu, ƙasarsu ta fi tamu ruwa. Bayan Dandume muka tarar da shinge. Wani mai kaki ya leƙo, ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, idonsa ya tsaya a kan mutumin da ke sanye da kwat cikin wannan zafi.

"Kai, sauko. Ina za ku?"

"Sayen ganga, ranka ya daɗe," in ji Mudi.

"Ganga? Ku makaɗa ne?"

Ni na ce a'a, Mudi ya ce e, a lokaci guda. Mutumin ya ce to mai e ya rera masa ya ji. Mudi ya gyara kwat, ya rufe ido, ya saki murya. Bai kai ƙarshen baiti ba mai kakin ya ɗaga hannu ya ce, "Ya isa, na yarda ba ku da wata makarkashiya. Direba, ja motarka, don Allah."

A tashar Sabuwa kowa ya san Baba Nomau. Wani ɗan kabu-kabu ya kai mu unguwarsu, 'yan gidaje ne a bakin wani rafi, ya ce tsallaken rafin nan ƙasar Kaduna ce. Babu shinge, babu allo, sai wata mata da ke wanki rabin kayanta a jiha ɗaya rabi a ɗaya. Mun tsaya a ƙofar gida muna ta sallama irin tamu, muna jiran namiji ya fito, sai ga wata tsohuwa ta taho daga gona da hauya a kafaɗa. Ita ce Iya Lami, matar gidan. Ta dube mu sama da ƙasa, ta tambaye mu daga ina, 'ya'yan wa, mi muke nema, sannan ta ce, "To ku shigo mana, kun tsaya kamar masu bin bashi." Har tsakar gida ta kai mu. A Ƙanƙara baƙo namiji ya shekara yana zuwa gida bai wuce zaure ba.

Baba Nomau yana zaune a gindin rumbu yana shafa wa gwiwoyinsa man kaɗanya. Dogo ne, ƙashi da jijiya, da tsage a kumatu. Ya ce ɗansa yana zuwa coci a Sabuwa, 'yarsa ta musulunta tana aure a Dandume, shi kuma yana nan inda ubansa ya bar shi. Amma kafin mu tambaya an kawo mana buta da tabarma mai tsabta, wadda suke ajiye wa baƙi irinmu, Iya Lami ta nuna mana gabas da bakin hauya. Da muka ambaci Malam Iro, tsohon ya yi dariya har da tari.

"Iro na nan da rai? Ya gaya maku na hi shi?"

Muka yi shiru. Ya ce shirun ya ishe shi.

Aka sauko da gangar daga ƙarƙashin rufin rumbu, a naɗe cikin buhu. Kai! Ƙatuwa ce, icenta ya yi baƙi yana sheƙi saboda shan hannu, fatarta lafiya lau. Ya ce ya daɗe bai taɓa ta ba. Gwiwa ta ƙi, gonakin nesa an bar su saboda halin da ake ciki, abokan da yake yi wa kirari kuma yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Na ce gayya za mu yi da ita, ban yi dogon bayani ba. Na faɗi kuɗin da na zo da su, ya ce ya sallama, ko ƙari bai nema ba. Mudi har ya ji haushi, don shi a ciniki jayayyar ce daɗin.

"Amma sai da sahe za ta hita," in ji Baba Nomau. "Ba a hidda ganga daga gida rana na faɗuwa."

Mu ma da ma ba mu da niyyar bin hanya a wannan lokaci. Aka ba mu ɗakin ɗansa, mu da buhunan taki, aka kawo tuwon masara da miyar karkashi mai yauƙi har gwiwar hannu. Sauron bakin rafin nan kuwa ba su san baƙo ba. Ni suka yi wa rubdugu, Mudi ya dunƙule cikin kwat ɗinsa ya tashi ba ko ƙurji, kuma har yau bai bar ni na huta da wannan magana ba.

Da gari ya fara wayewa, bayan mun yi salla, na kasa haƙuri. Ganga tawa ce, na biya, kuma ban taɓa jin muryarta ba. Na taɓa fatar na ji ta yi sanyi saboda raɓa, na ɗan gasa ta a bakin murhu, na rataya, na fita ƙofar gida wai don kada in dami masu gida. Kiɗan gayya ɗaya ne ya zauna mini a ka tun ina yaro a Mabai, shi nake yi a jarka kullum. Na ɗaga 'yar sandar kiɗa na sauke.

Jama'a, jarka ba ganga ba ce. Sautin nan a ƙirjina na ji shi kafin kunne. Na sake, na sake, na manta inda nake. Mudi ya fito yana taka rawa.

Can sai ga wani mutum da hauya a kafaɗa, ya gaishe mu, ya tsaya gefe. Sai ga wani. Sai ga mata biyu, ɗaya da goyo, su ma da hauyoyinsu. Ni a zatona masu wucewa gona ne daɗin kiɗa ya tsayar da su. Na ce a raina, Habu, ashe Ƙanƙara ce ba ta san darajarka ba. Na ƙara wuta. Mudi ya ga taro, ya fara waƙa. Kafin rana ta fito sosai ƙofar gidan ta cika, har da waɗanda suka tsallako rafi da wando a naɗe.

Sai ga Iya Lami ta fito da muciya a hannu.

"Wa ya kira gayya?"

Na ce, "Iya, ba wanda ya kira. Gwadawa nake yi."

"Gwadawa? A ƙohar gidana? Da sahe?" Ta dafe kai. "Wayyo ni Lami! Ɗan nan ka kashe ni."

Ashe abin da ban sani ba ke nan. Mu a wajenmu goro ne gayyata. Sarkin Noma ya raba, a sa rana, ganga kuma rakiya ce kawai, ko ka buga ta daga safe har dare ba wanda zai ɗauko hauya. Su kuwa ba ruwansu da goro. In aka ji wannan kiɗan da sassafe a ƙofar gidan mutum, an kira gayya ke nan, kowa ya bar abin da yake yi. Sai dai mai gida yakan gaya wa matarsa tun da wuri, ta jiƙa dawa ta dafa abin sha, ta tanadi abinci. Ni kuwa na tara mata unguwa guda, har da mutanen wata jiha, ba ta da ko gasarar kunu a gida.

Na ce bari in ba su haƙuri su koma. Ta ce in na kuskura sai ta fasa mini kai da muciyar nan. Wanda ya amsa ganga ba a mayar da shi da busasshiyar hauya da cikin yunwa, gidan da ya yi haka har jikoki sai an goranta musu. Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa kaina, ga ƙatuwar ganga a wuya ba halin ɓuya.

Baba Nomau ya fito yana dogara sanda. Ya bi mutanen da kallo ɗaya bayan ɗaya. Wani tsoho mai suna Jatau, wanda da ƙyar yake riƙe da tasa hauyar, ya ce, "Nomau, ina kwance na ji ta. Na ce wa ɗiyana ku tashe ni, ko da rarrafe sai na zo."

"To," in ji Baba Nomau. "Tunda kun zo, gonar tana nan inda kuka san ta."

Ashe tasa gonar ma ciyawa ta kusa cinye ta, bai dai gaya wa kowa ba. Iya Lami ta cafke Mudi a matsayin diyya. Shi ya yanka mata zakaru, da ma in suna da baƙi Musulmi su suke ba wuƙa don kowa ya ci, shi ya yi ta jigilar ruwa daga rafi, har turmi aka ba shi. Maƙwabta suka kawo wake da tsaki, kowace da abin da ta samu. Abin shansu na gayya ba ya dahuwa a yini ɗaya, saboda haka kunun tsamiya aka dama, mutane suna ta tsokana wai yau gayyar Musulmi ake yi.

Ni aka tasa a gaba zuwa gona, tunda ni na jawo. Suka jeru, suka duƙa, na fara kiɗa. Ba a yi nisa ba na ga layin ya karkace, wasu na haki, wasu sun miƙe suna kallona.

"Tsaya," in ji Baba Nomau daga inuwar da aka zaunar da shi. "Kai tela ne, ko? Ya nuna. Gudu kake kamar kana taka keke. Daina kallon hannunka, dubi bayansu. In hauya ta tashi ka jira ta, in ta sauka ku sauka tare."

Na gwada, ya ɗan yi dama. Ya yi ta gyaɗa kai yana yamutsa fuska kamar mai ciwon haƙori. Can ya miƙe, ya yar da sanda, ya ce, "Kawo nan."

Abin da na gani daga nan ba zan iya rubuta shi yadda yake ba. Tsohon da aka riƙo zuwa gona shi ne yake bin layi da baya da baya, ganga a kafaɗa, yana kiran kowa da sunansa da na ubansa. "Jatau na Arziki, ƙasa ta san hannunka! Ina Tanko, ko ya bar wa matarsa?" Tanko ya zabura, matar tasa kuma tana gefensa ta ƙi bari ya wuce ta. Hauyoyi suna tashi tare suna sauka tare. Ni ma ban san lokacin da na ari hauya na shiga ba, ga tafin hannuna nan, wanda ya zo shago ya gani. Kafin azahar gona ta yi fes.

Bayan an ci an sha an watse, ina zaune ina hura hannu, sai Baba Nomau ya zo ya ajiye mini kuɗina a cinya, a ƙulle yadda na ba shi.

"Jiya na sayar maka, yau na hwasa," in ji shi. "Da ka bar ta cikin buhunta ka tahi da ita, shi ke nan. Kai ka tashe ta. Yanzu ba ni iya rabuwa da ita."

Nan fa zuciya ta ɗebe ni. Na ce, Baba, wannan ba daidai ba ne, an yi ciniki an gama. Na ce ni ba don sha'awa na baro shagona na sha cizon sauro ba. Na zayyana masa komai, Gwaggo Hansai a tsugune tana cirar ciyawa da hannu, Yaya Lawal da motarsa da kaka, Sarkin Noma da ke jira da goro. Na ce yau an nome tasa, ita kuma tata ta tafi ke nan, kuma ni na jawo da hannuna.

Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "Ko na ba ka ita, da wanga kiɗa naka dawar za a sare a bar ciyawa."

"To ka bi su mana," in ji Iya Lami daga bakin murhu, ko juyowa ba ta yi ba. "Gwiwar da ta yi rawa yau ai ta iya shiga mota. Ku tahi da shi, in samu in huta da tarinsa."

Tsohon ya dubi gangar, ya dube ni. "Mabai ɗin nan da nisa?"

Washegari da hantsi muka kamo hanya mu uku, ganga ta huɗu, don ya rantse ba za ta shiga but tare da awaki ba, sai da aka ba ta kujera. A shingen bayan Dandume muka sake samun mai kakin nan. Ya gane kwat tun daga nesa. Ya leƙo ya ga ganga, ya ce a ɗan buga masa ya ji. Baba Nomau ya dube shi ya ce, "Kana da gona?" Ya ce a'a. "Matarka ta dahwa abinci?" Ya ce shi matarsa ma tana garinsu. "To ba a buga ta haka nan. Tambayi tela."

A Mabai Sarkin Noma ya cika alkawari, ya raba goro a ranar. Baba Nomau ya karɓi nasa yana juya shi yana mamaki, wai mu sai an ba mu abin tauna kafin kunnenmu ya buɗe. Gwaggo ta share masa zaure, ta yi masa tuwon dawa, suka zauna suna hirar shekarun fari da na yabanya kamar sun san juna tun da. Da yamma ya sa Sarkin Noma ya lissafa masa samarin garin, kowa da sunan ubansa da na kakansa, yana maimaitawa a hankali.

Ranar gayya waɗanda suka zo kallo sun fi waɗanda suka zo noma yawa. Labari ya bazu an kawo Bamaguje mai ganga daga Sabuwa, samari suka tsaya a bakin gona da wayoyi a hannu suna ɗauka. Tsohon bai ko damu ba. Ya fara da 'yan kaɗan ɗin da suka duƙa, yana tafe yana kiɗa, sai ya juya ya nuna wani mai jar hula da sandar kiɗa, ya kira shi da sunan kakansa, ya tambaya ko hannun gidan ya mutu ne. Yaron mutane ya tura waya a aljihu ya fizgi hauyar na kusa da shi. Daga nan aka fara rige-rigen komawa gida ɗauko hauya.

Rana ta ɗaga, an ci fiye da rabin gona, dawa ta fito fili tana kaɗawa, sai Gwaggo ta ajiye ƙwaryar furar da take rabawa ta zo inda nake.

"Kira mani Lawal."

Na kira, ya ɗauka, na miƙa mata. Ta ce a'a, in ɗaga sama kawai, kada in ce komai. Na ɗaga wayar saitin gona, ganga na tashi, samari na ihu, hauyoyi na sauka tare. Da ta ga ya ji iya ji, ta matso da bakinta.

"Lawal, ka ji? Ɗakin da ka share mani, ka zuba kayanka. Bana ina nan."

Ba ta jira amsa ba, ta koma wurin furarta. Na kai wayar kunne ina shirin shan faɗa. Maimakon faɗa, numfashinsa kawai nake ji. Na ce, "Yaya, kana ji na?"

"A gonar Baba ake wannan?" in ji shi, da wata irin murya da ban san shi da ita ba.

Na ce e.

"Habu, kada ka kashe. Ɗaga ta sama."

Na ɗaga. Hannun dama ya gaji na mayar hagu, ina tsaye a bakin gona har aka kai kunyar ƙarshe.